Darasi: Jan Kaya a Hawan Tudu da Mota Mai Giyar Otomatik

Yawancin ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, amma ɓangarenmu na arewa maso yamma ya sha bamban. Wanda ya biyo hanyar Kano zuwa Daura, da ya wuce Dambatta ya doshi Kazaure zai fara cin karo da duwatsu da tuddai, haka kuma abin yake har ƙasar Roni. Hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan Gwiwa suna da nasu hawa da gangara, ga kwazazzaban da ruwan damina ke zaizayewa duk shekara. Idan aka nausa wajen Babura, kusa da iyakar Nijar, sai yashi ya karɓa. A kan waɗannan hanyoyi ake fito da gero da dawa da gyaɗa da riɗi lokacin kaka, wasu zuwa kasuwannin kusa, wasu har Dawanau a Kano.

A da, wannan aiki na a-kori-kura ne, irin su Peugeot 404 da 504, masu kuloci da giyar hannu. Yanzu motocin da ke shigo mana, musamman waɗanda aka yi amfani da su a Amurka, kusan duk masu giyar otomatik ne: Sienna, Camry, Highlander, har da wasu Hilux. An saye su don ɗaukar iyali ko fasinja, amma bukata ta sa ana cire kujerun baya a jera buhuna, ko a ɗaura musu ƙaramar tirela, ko a ja wata motar da ta mutu a hanya. Daga nan sai ka ji ana cewa otomatik ba ta da ƙarko. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Mafi yawan giyabos ɗin da ke ƙonewa a wajenmu zafi ne ke kashe su, kuma zafin nan yana zuwa ne daga barin mota ta zaɓar wa kanta giya a wurin da ya kamata direba ya zaɓar mata. Wannan darasi zai nuna yadda abin ke faruwa, da abin da direba zai yi da hannunsa, da gyaran da ya cancanci a kashe masa kuɗi a gareji.

Abin da ke cikin giyabos

Giyar otomatik ta daɗe a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sa ta a motocin sayarwa da yawa, a Oldsmobile ƙirar 1940, da sunan Hydra-Matic. Tun daga lokacin zuwa yau, abin da ke tafiyar da ita mai ne.

A motar giyar hannu, kuloci ne ke haɗa injin da giyabos, ƙarfe da faifai suna manne da juna. A otomatik kuwa, tsakanin injin da giyabos akwai wani kewayayyen tulun ƙarfe cike da mai, wanda kanikawa ke kira kwanbata. A cikinsa akwai farfela biyu da ba sa taɓa juna. Injin yana juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi, man ya juya ta biyun, ta biyun ta juya giyabos. Ku zuba ruwa a babbar ƙwarya, ku ɗora ƙaramin ƙoƙo a kai, ku yi ta juya ruwan da ludayi: ƙoƙon zai fara zagayawa ko da ludayin bai taɓa shi ba, amma ba zai taɓa kamo saurin ludayin ba. Wannan bambancin sauri shi ake kira sulɓi, kuma a cikin kwanbata duk ƙarfin da ya ɓata ta hanyar sulɓi zafi yake komawa, ya shiga cikin mai. Idan mota ba ta da kaya, sulɓin kaɗan ne. Idan kaya sun yi nauyi, ko tudu ya miƙe, injin zai yi ta juyi da sauri, taya na tafiya a hankali, man kuwa yana ta dahuwa.

Masu ƙera motoci sun san da wannan, shi ya sa suka sa wani ɗan kuloci a cikin kwanbatar, wanda ke kulle farfelun biyu su zama abu ɗaya idan mota ta miƙa a gudu mai daidaito. Da ya kulle, sulɓi ya ƙare, mai ya fara hucewa. Amma da zarar an danna totur sosai, ko giya ta sauya, sai ya saki.

Bayan kwanbata sai giyoyin kansu. Ana kama su ana sakinsu da jerin siraran faya-fayai waɗanda kanikawa ke kira faiba, kuma matsin mai ne ke matse su. Duk lokacin da giya ta sauya, faibar takan ɗan goge kafin ta kama. Idan matsin man ya yi ƙasa, ko man ya yi zafi ya tsinke, gugar sai ta yi tsawo, faibar ta ƙone. Wannan shi ne lokacin da direba zai ji injin yana kuka amma mota ba ta ja.

Wa ke yanke shawarar sauya giya? A tsofaffin motoci, wata waya ce da ta taso daga totur zuwa giyabos, tare da abin da ke auna gudun mota. A na yanzu, ƙaramar kwamfuta ce, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, take duba gudun mota da yawan danna totur, ta ba da umarni. An tsara ta ne ta haye babbar giya da wuri don a rage shan fetur. Ba ta ganin tudun da ke gaba, ba ta kuma san buhu nawa aka loda ba, sai bayan motar ta fara wahala.

Lissafin tudu da yashi

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu yi lissafi, domin da yawa daga cikinmu ba mu ɗauki ƙaramin tudu a bakin komai ba.

A ce mota da direbanta nauyinsu kilo 2,000, tana jan tirela mai kaya kilo 1,000. Jimla kilo 3,000 ke nan. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, idan ana tafiya a hankali, ƙarfin da ake bukata don tayu su ci gaba da mirginawa bai wuce kamar kilo 1 da rabi a kowane kilo 100 ba, wato kimanin kilo 45. Yanzu sai a zo tudun da ke ɗagawa mita 8 a kowace mita 100. Irin wannan tudu yana ƙara kilo 8 a kowane kilo 100 na nauyi, wato kilo 240. A haɗa da 45 na farko, an samu 285. Aikin ya ninka fiye da sau shida, alhali a ido tudun bai kai abin tsoro ba.

Yashi ya ma fi tudu cin ƙarfi. A cikin yashi mai laushi, taya tana nutsewa, kullum kamar tana ƙoƙarin fita daga rami, kuma ƙarfin da ake bukata yana iya kaiwa kilo 15 zuwa 30 a kowane kilo 100. Ga motarmu mai kilo 3,000, ƙaramin lissafi shi ne kilo 450. Saboda haka direban da ke ratsa yashin wajen Babura da lodi, ko da bai ga tudu ko ɗaya ba, duk abin da za mu faɗa a kan hawa ya shafe shi, har ma ya fi shafarsa, tunda tafiyar a hankali ake yinta, iska ba ta bugun lagireto yadda ya kamata.

Giya ita ce ke ninka ƙarfin injin don ya iya wannan aiki. Mu ɗauki giyabos na Toyota da ake kira A340, wanda ke cikin tsofaffin Hilux da 4Runner da yawa. A giya ta ɗaya, injin yana juyi kusan 2.8 kafin sandar da ke fita daga giyabos ta yi juyi ɗaya. A ta biyu 1.5, a ta uku 1, a ta huɗu 0.7. Ma'anar wannan ita ce ƙarfin da ke isa ga taya a giya ta ɗaya ya ninka na ta huɗu sau huɗu, na giya ta biyu ya ninka shi fiye da sau biyu. Ko saukowa daga ta huɗu zuwa ta uku kaɗai yana ƙara kusan kashi 40 cikin 100. Wanda ya bar mota a giya ta huɗu ya tunkari tudu da kaya ya hana injin wannan taimako, ya ɗora wa kwanbata sauran aikin, ita kuma da zafi take biya.

Abin da direba zai yi da hannunsa

Alamar farko da za ku lura da ita a hawa ita ce mota ta fara kai-komo tsakanin giya biyu. Ta sauko ta uku, ta ɗan samu ƙarfi, ta haye ta huɗu, ƙarfi ya gaza, ta sake saukowa. Kowane sauyi a cikin wannan kai-komo gugar faiba ne, kuma makullin kwanbata ba ya samun zama. Da kun ji haka sau biyu, kada ku jira na uku.

A motocin giya huɗu, irin su tsofaffin Camry da Corolla, akwai ɗan maɓalli a jikin sandar giya. Idan aka danna shi, fitila za ta kama a gaban direba mai rubutun O/D OFF. Wasu direbobi suna tsorata da ita suna zaton alamar lalacewa ce. Idan ta kama ta tsaya cak bayan ka danna maɓallin, abin da take faɗa kawai shi ne an hana mota shiga giya ta huɗu, kuma hakan ake so idan akwai kaya da tudu. Idan ta riƙa ƙyaftawa da kanta ba tare da an taɓa komai ba, wannan kam saƙo ne daga ƙwaƙwalwar mota cewa akwai matsala, a kai ta gareji.

A motocin giya biyar, kamar Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010, a ƙarƙashin D za ku ga 4, 3, 2 da L. Kowace lamba iyaka ce: idan ka sa a 3, mota za ta yi amfani da ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ba za ta wuce nan ba. L ita ce giya ta ɗaya. A sabbin motoci, ana tura sandar gefe zuwa S, sannan a rage ko a ƙara da alamar ragewa da ta ƙarawa. Duk manufar ɗaya ce.

Lokacin sauya giyar shi ne kafin a fara hawa, a gindin tudu, mota tana da sauran gudunta. A tudu mai sauƙi a kan kwalta, 3 ta isa. A tudu mai tsauri, ko burji mai duwatsu inda gudu ba zai wuce kilomita 30 ko 40 ba, a sa 2. A wajen fita daga kwazazzabo da cikakken lodi, a sa L, a tafi a hankali da totur mai daidaito. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, kuma tana da ƙaramar giyar 4L, nan ne wurin amfaninta. Ana shigar da ita ne mota tana tsaye, sandar giya tana N.

Abin da ke hana mutane yin haka shi ne ƙarar injin. Direba ya ji injin ya ɗaga murya, allura ta kai juyi 3,000 ko 3,500 a minti, sai tausayi ya kama shi ya mayar da ita D. Injin fetur mai lafiya ba ya cutuwa da wannan juyi, muddin allurar ba ta shiga jan layi ba. A irin wannan juyi famfon ruwa yana zagaya ruwa da kyau, famfon man giya yana ba da cikakken matsi. Injin da ke gurnani a ƙasa-ƙasa da totur a danne shi ne wanda ke wahala. Gaskiya ne za a ɗan ƙara shan mai a wannan ɗan taƙi, amma kuɗin lita ɗaya ko biyu ba a haɗa shi da kuɗin sauke giyabos.

Wasu Toyota suna da maɓalli mai rubutun ECT PWR. Shi ba ya ƙara wa injin ƙarfi. Yana sa mota ta daɗe a kowace giya kafin ta haye ta gaba, kuma hakan yana taimakawa da kaya. Kusa da shi a wasu motocin akwai mai rubutun SNOW, wanda aka yi don ƙasashe masu ƙanƙara, yana sa mota ta tashi a hankali, a wasu ma daga giya ta biyu. Kada a taɓa shi idan akwai lodi. Manyan motocin ɗaukar kaya na Amurka, irin su Tundra da F-150 da Silverado, suna da na musamman mai rubutun TOW/HAUL, wanda ke jinkirta hawa giya, ya kuma sauko da ita da kansa a gangara. Wanda motarsa ke da shi ya kunna shi duk lokacin da ya ɗaura tirela.

Idan an tsaya a tsakiyar tudu, a riƙe mota da birki. Riƙe ta da totur, tana tsaye injin yana turawa, yana cikin abubuwan da suka fi saurin dafa man giya, domin a lokacin duk ƙarfin injin zafi yake zama. Haka ma idan mota ta kafe a yashi: yawan jefa ta gaba da ribas da totur a danne yana iya gama da faiba cikin 'yan mintuna. A sauko, a tone gaban tayu, a sa itace ko kara, a ɗan rage iskar taya, in ya kama a sauke rabin kaya.

Hilux da Land Cruiser masu otomatik suna da fitila mai rubutun A/T OIL TEMP. Idan ta kama, ko aka ji ƙaurin mai, a sauka gefen hanya, a sa P, a bar injin yana sulo. Kashe injin nan take yana tsayar da famfon da ke kai man wurin sanyaya. Kada kuma a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Gangara da ajiye mota

Hawa giyabos yake ci, gangara kuwa rai take ci. Direbobinmu da ke zuwa Jos ta hanyar Akwanga sun san Hawan Kibo da irin haɗurran da manyan motoci ke yi a wurin idan birki ya ƙi. Dalilin ba ya canzawa ko a ƙaramin tudu. Birkin da aka taka ba sassautawa yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa. Man birki irin DOT 3, idan sabo ne, sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tafasa, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa ba tare da mota ta rage gudu ba.

Ƙa'idar tsofaffin direbobin manyan motoci tana nan daram: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. A sa 2 ko L tun daga saman gangara, injin ya riƙe motar, a riƙa taka birki da ɗan ƙarfi a saki, a taka a saki. Sa mota a N a gangara don a rage shan mai ganganci ne da ran fasinja, kuma a motocin zamani ba ya ma rage komai, domin ƙwaƙwalwar mota takan yanke fetur da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya.

Wajen ajiye mota mai kaya a kan tudu, a taka birki, a ja birkin hannu, a bari nauyin ya zauna a kansa, sannan a sa P. Abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙaramin haƙori ne na ƙarfe a cikin giyabos, ba a yi shi don ya ɗauki tan uku ba. A sa waigi a bayan taya, ko dutse.

Gyaran da ake yi a gareji

Idan direba ya ga motarsa tana wahala da kaya, yakan je wurin bakanike ya ce, “Oga, a ƙara mata ƙarfin giya.” Akwai abubuwan da ake yi, amma ba duka ne ke da amfani ba.

Wanda na fi ba da shawara a kai shi ne ƙarin abin sanyaya man giya. A yawancin motoci, man giya yana bi ta wani ɗan bututu da ke cikin lagireto, ruwan injin ya sanyaya shi. An auna wannan ne da tafiyar yau da kullum. Man giya ya fi son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95. Da ya haura 120 sai ya fara lalacewa da sauri, robobin da ke riƙe matsi su fara taurara. Ku tuna a watan Afrilu da Mayu zafin rana a nan yana wuce digiri 40. Ƙaramin lagireto na mai, wanda ake ɗaurawa a gaban babban, yana rage wannan zafi sosai, kuma kuɗinsa bai kai kusa da na giyabos ba. A ɗaura shi yadda man zai fara bi ta lagireton asali, sannan ya shiga sabon, sannan ya koma giyabos. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, a ɗaure shi da kyau, domin idan ya fita a hanya man zai tsiyaye cikin ɗan lokaci. Kafin ma a kai ga wannan, a tabbatar lagireton asali a wanke yake, fankarsa tana aiki, kuma ƙura da ƙaiƙayi ba su toshe gabansa ba.

Na biyu, sanin zafin man. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. A motoci da yawa, na'urar tana iya nuna zafin man giya yayin da ake tafiya. Mai yawan jan kaya ya sa bakanike ya jona ta su hau tudu tare sau ɗaya, a D sannan a 3 ko 2. Abin da zai gani da idonsa ya fi duk bayanin da ke cikin wannan darasi shiga zuciya.

Sai wayar totur ta tsofaffin motoci. Wannan waya ita ke gaya wa giyabos yawan matsin da zai ba faiba, a wasu kuma har da lokacin sauya giya. Idan ta yi sako-sako, giya za ta riƙa shiga da wuri kuma da laushi, mai mota ya ji daɗi, alhali faiba tana gogewa. Idan aka ɗame ta fiye da kima, giya za ta riƙa jinkiri tana shiga da duka. Tana da alamar da kamfani ya sa. A mayar da ita kan alamar. Kada a yarda a sassauta ta don a ɓoye bugun giya.

A ƙasashen da jan tirela ya zama ruwan dare, akwai masu sake rubuta umarnin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota don giya ta daɗe kafin ta haye, akwai kuma masu canza ƙananan sifirin da bawul a cikin giyabos don ƙara matsi. Aikin yana yiwuwa, amma yana bukatar wanda ya san ainihin wannan giyabos, da kayan gwaji. Matsin da ya wuce kima yana fasa robobi, yana girgiza duk abin da ke tsakanin injin da taya. Ga mai Sienna ko Camry a Gwiwa, abin da wannan gyara zai ba shi, sandar giyar da ke hannunsa ta riga ta ba shi kyauta. Ban ga dalilin da zai sa ya ba da motarsa a koyi aiki a kanta ba.

Akwai kuma gyaran da ke cutarwa ba a sani ba. Sa tayu da suka fi na asali girma yana rage ƙarfin ja, kamar an ɗora mota a giya mafi girma. Ƙara sifirin a baya yana hana mota durƙusawa, amma bai ƙara wa birki ko giyabos komai ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da ke nuna kaya sun yi yawa.

Man giya

Kowane giyabos da irin mansa. Akwai Dexron, akwai Mercon, Toyota tana da T-IV da WS, kuma ba a musanya su da ka. Sunan wanda ya dace yana rubuce a kan sandar gwada man ko a littafin mota. Man giya mai kauri na motar giyar hannu ba ya shiga otomatik ko kaɗan. Wasu sabbin ƙananan motoci, kamar Corolla da yawa daga 2014, giyarsu irin ta CVT ce, mai aiki da bel na ƙarfe. Manta daban ne, kuma ba motar jan kaya ba ce.

A yawancin motoci ana gwada man ne injin yana aiki, ya yi ɗumi, mota tana P a wuri mai daidaito. Honda kuwa ana kashe injin tukuna. A ɗiga shi a farar takarda. Mai lafiya ja ne garai-garai. Idan ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana ƙauri, ya sha wuta. Idan ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada motar ta ƙara tafiya. Ga mai yawan lodi a zafinmu da ƙurarmu, shawarata kada ya wuce kilomita 40,000 zuwa 50,000 bai canza ba.

Iyakar nauyi

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da ke nuna iyakar nauyin da mota za ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe. Ga mota irin Sienna, adadin yana wajen kilo 500 zuwa 600. Buhun gero babba yana kusan kilo 100. Idan an cire nauyin direba da yaron mota, buhu uku ko huɗu ne haƙƙinta. Mun san ana sa mata fiye da ninkin haka. Wajen ja kuwa, kamfanin ya ƙayyade mata kimanin kilo 1,600, shi ma idan tana da kayan jan tirela na asali. Tirelar da ba ta da birkin kanta, ƙa'idar ƙasashen Turai ita ce kada ta wuce kilo 750. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama masu lodin wuce kima, amma ko babu jami'i a hanya, birki da giyabos suna nan da iyakarsu. Na san kuɗin mai ne ke sa mutum ya so gama sawu biyu a sawu ɗaya. Duk da haka, kayan da suka fi ƙarfin ƙaramar mota a nemo musu babbar mota irin Kanta ko tarakta.

Idan kuma motar otomatik ce ta mutu ake so a ja ta, a sani famfon manta ba ya aiki idan injin a kashe yake, saboda haka giyabos zai yi ta juyi babu mai. Littattafan motocin Volkswagen sun ƙayyade kada a wuce gudun kilomita 50 a awa, kada kuma nisan ya wuce kilomita 50. Abin da ya fi shi ne a ɗaga tayun da ke ja daga ƙasa, ko a kira janwe.

Aiki

1. Mota da kayanta sun kai kilo 2,500, za ta hau tudun da ke ɗagawa mita 6 a kowace mita 100. Kilo nawa tudun ya ƙara wa aikin ja?
2. Me ya sa ba a kashe injin nan take idan man giya ya yi zafi?
3. Direba ya fito daga Gwiwa da buhuna, motarsa tana kai-komo tsakanin giya biyu a hawa. Yi masa bayani da bakinka, yadda za ka gaya wa abokin aikinka a tasha.

Kafin zama na gaba, kowa ya samu mota mai otomatik, tasa ko ta maƙwabci da izininsa. Ya rubuto haruffa da lambobin da ke jikin sandar giyarta, da nauyin da aka rubuta a ginshiƙin ƙofa, da sunan man da ke kan sandar gwaji. Wanda bai iya karanta rubutun ba ya kwafo shi yadda ya gan shi, za mu karanta tare a aji.